Shekarar da Na Ambaci Sunan Balkisu

Na san abin da kuke faɗi a kan Yaya Ladan idan kun haɗu, ko da yake kuna yin tsit in na shigo. Kuna cewa mutum ne mai taurin zuciya, wanda ya riƙe yayarku Balkisu shekara goma sha biyar, sannan rana ɗaya ya kwaso ta da kayanta ya dire mana a ƙofar gida. Haka dangin innarku suka ba ku labari, ni kuma na bar shi a haka shekara da shekaru domin ya fi mini sauƙi. To yanzu na tsufa, shi kuma Yaya yana ƙasa, ba shi da bakin kare kansa. Bari in faɗa muku yadda aka yi, ku daina ɗaukar alhakin mamaci.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, shi babba, ni Umaru ƙarami. Ni na tsaya Wurno a kan gonar albasa, shi kuwa ya koma Rabah yana gyaran injin ban-ruwa, ranar kasuwa ya ɗauki akwatin ƙarafansa ya tafi Gandi. Ya auri Hajo, suka shekara goma Allah bai ba su haihuwa ba, kuma bai taɓa bari a yi mata gori a gabansa ba. Da innarku Kulu ta haifi Balkisu, mahaifiyarmu tana da rai, ita ta yanke magana tun ranar suna cewa wannan ta Ladan ce, in an yaye ta Hajo ta zo ta ɗauka. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ga abin tambaya ba. 'Yar fari ce, kuma kun san yadda muke da ɗan fari: ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ƙasa ma sai ka kau da kai wani ya ɗaga. Ranar da Hajo ta zo ɗaukarta ina fadama da gangan. Daga inda nake ina hango hanyar tasha, na ga Hajo ta wuce da ita a goye, na sunkuya na ci gaba da cirar ciyawa.

Tun daga ranar ta zama yarinyar Rabah a bakinmu. Tana kiran Yaya Baba, ni kuma Baffa. Kada ku ɗauka asiri ne. Duk Wurno da Rabah an san cikin wa ta fito, ita ma ta sani, don yaro ba ya rasa mai tsegunta masa. Amma sani daban, faɗi daban. Ba wanda ya taɓa faɗa a gaban Yaya, kuma a kan wannan shirun gidansa ya tsayu. Ya sa ta makarantar allo da ta boko, in ya dawo daga Gandi ba ya shiga gida hannu sake, kuma duk wanda ya san Ladan ya san in kana son ganin haƙorinsa ka tambaye shi lafiyar Balkisu.

Yanzu sai maganar molo. Gidanmu ba gidan kiɗa ba ne, ba mu gaji roƙo ba, kuma har yau ban taɓa tsayawa gaban mutum na wasa shi don ya ba ni wani abu ba. A Goronyo na koya, wata shekara da na je aikin rani bakin dam, wurin wani tsohon masunci da ke kaɗawa a hankali in ya gama gyaran koma. Na dawo da molo a cikin buhu na rataye shi a rumfar albasa. In na tayar da inji ruwa ya kama bin fangalin shuka ɗaya bayan ɗaya, ba abin yi sai jira, sai in zauna in riƙa kaɗawa ina magana da kaina. Abin da ke cikina nake faɗi: tsufan mahaifiyarmu, shekarar da ruwa ya cinye mana shuka, abokin da muka yi faɗa ya rasu ba mu shirya ba. Muryata ba ta da ƙarfi, wanda ke fangali na uku ma ba ya ji. Haka na yi kusan shekara ashirin, kuma da an bar ni a haka da ba ku da labarin da za ku ji.

Wanda ya fito da ni Nasiru ne, ɗan wani abokina na Goronyo, magidanci mai situdiyo a Sakkwato inda ake ɗaukar waƙoƙin biki da na siyasa. Ya zo sayen albasa ya tarar da ni ina yi, ya tsaya bayan rumfa ban sani ba har na gama. Ya dame ni wata uku. Da na je, sai ya so ya zuba mini kiɗan fiyano da ganguna, ya sa muryata a na'urar nan da ke mai da kowa kamar mai mura. Na ce masa in haka ne ni na kama hanyar Wurno. Ya yi dariya ya ce to wa zai saurari waƙar da ba a rawa da ita, ba a kuma ambaci wani Alhaji a ciki ba? Na ce ai ni ba ni na kawo kaina ba. A ƙarshe ya haƙura, muka yi da molo da murya kawai, sai wani da ke ɗan taɓa ƙwarya a waƙa biyu. Kwana huɗu muka yi, waƙa takwas. Albam ɗina na farko ke nan, ina da shekara arba'in da bakwai, da furfura a gemu.

Ta bakwai a cikinsu ita ce ta dashe. Duk manomin albasa ya san ba a barin iri inda ya tsira, sai an cire shi an kai wani fangali. Da wannan na yi waƙar, kuma na daɗe ina yin ta a rumfa ni kaɗai. Ga yadda ta fara:

Balkisu, randa anka tai da ke
ina cikin albasa, ban ɗago ba.
Ni niy yi renon iri,
anka dasa shi gonar da ba tawa ba.
Ɗiyata, ko kin girma nesa,
ni na san ranar da kit tsira.

Wallahi ban yi ta don in soki kowa ba. Kewa ce ta shekara goma sha biyar da ban taɓa samun inda zan ajiye ta ba, kuma a rumfa ba wanda take cutarwa. Kuskurena shi ne ban tsaya na bambance rumfa da duniya ba.

Kafin a saki albam ɗin Nasiru ya tura mini shi a waya don in ji. Na kunna wa innarku da hantsi tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ta ji shida tana aikinta, har ta ɗan yi murmushi a ta ambaliya. Da ta bakwai ta fara, hannunta ya tsaya a cikin faifai. Ita ma fa ba ta taɓa furta sunan ba, ita da ta yi naƙudarta. Ta bari har ta ƙare, sannan ta yi magana ba ta dube ni ba.

"Malam, wagga ta yarinyar Rabah, ka hidda ta."

Na ce mata ita ce ta fi duka, Nasiru ma haka ya ce.

"Nasiru ba ya da wa a Rabah. Kyauta munka yi, ba aro ba. Wanda yab ba da kyauta ba ya bin ta da waƙa."

Na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba. Na ce mata ƙarya na yi a ciki? Ta ce ba ta ce ƙarya ba ce, ta ce in fitar. Na ce mata shekara nawa ina haɗiye abin nan, yanzu ko a waƙa ma ba ni da ikon in ce na haifa? Ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki. Innarku ba ta maimaita magana sau uku, kun san ta. Na yi kwana biyu ina juya abin, har na ɗauki waya zan kira Nasiru, sai na tuna yadda ya riƙa share ido lokacin da muke ɗauka. Yabon nan ya shiga kaina. Mutumin da ya yi shekara ashirin ba mai sauraronsa sai injin ruwa, in ya ga waƙarsa ta sa ƙato kuka, sai Allah ya kiyaye. Na ce wa kaina Yaya ba mai jin waƙa ba ne, rediyonsa labarai kawai yake kamawa. Na bar ta.

Ni da Nasiru duk mun zaci abin ba zai wuce 'yan tsiraru ba, sai ga shi ya bazu. Lokacin ne aka fara yayin memori, kowane mai cajin waya yana da kwamfutar tura waƙa. Direbobin hanyar Sakkwato zuwa Goronyo suka ɗauka, teloli suka ɗauka, mata a cikin gida suka fi kowa. Wani malamin makaranta daga Kwargaba ya tako har fadama don ya ce mini ya ji abin da bai iya faɗi ba an faɗa masa. Na ji daɗi ƙwarai, har tafiyata ta canza. Kuma ko'ina aka tare ni, ta bakwai ake fara ambata.

Yadda ta iske Yaya, daga baya Hajo ta ba innarku labari. Yana zaune a kasuwar Gandi ya kwance wani inji, shagon caji na kusa da shi ya saka ta a lasifika. Ya gane muryata tun kafin a kai ko'ina, har ya ce wa na kusa da shi ƙanena ne wannan. Sai sunan ya fito. Kasuwa kuwa ba ta rasa shaƙiyyi. Wani abokin wasansa, ba da mugun nufi ba, ya ɗaga murya ya ce ashe Ladan gonar dashe gare ka, aka kwashe da dariya. Kafin wata ya ƙare sunan ya bi shi har Rabah, mai gonar dashe. Abin da aka yi shekara ashirin da biyar ba a faɗa masa a ido ba, cewa bai haifa ba, ni ƙanensa na sa masa kiɗa na raba wa duniya.

Bai kira ni ba, bai aiko ba. Sati uku bayan nan, wata Laraba da safe ina shirin fita fadama, mota ta tsaya a ƙofar gida. Yaya ya fito, Balkisu ta fito da hijabinta idonta a kumbure, direba ya sauke akwati biyu da katifa da keken ɗinkin da ya saya mata. Muka shiga zaure, muka gaisa yadda aka saba, ya tambayi albasa, na tambayi Hajo. Sannan ya ce:

"Umaru, ga ɗiyakka na kawo ma. Ban san abin na ci maka rai ba, da ban riƙe ta har yau ba. Ka yahe min."

Na ce Yaya don Allah, waƙa ce kawai.

"Da ka zaka ka hwaɗa min cikin zaure, mu biyu, da na ji. Amma sai a kasuwa nij ji."

Ku lura da wannan, don nan ne labarin da aka ba ku ya karkace. Bai zo da faɗa ba. Shi a ransa ya gaskata cewa ya zalunce ni shekara goma sha biyar, ya riƙe abin da mai shi bai sallama ba, kuma Yaya mutum ne da ko allurar wani ba ta kwana a aljihunsa. Na rantse masa, na kama ƙafarsa, na ce ni na ba shi da zuciya ɗaya. Ya ce baki ya ba shi, zuciya kuwa ga ta nan kowa ya ji abin da ta ce. Ko ruwa bai sha ba ya tashi. Balkisu ta bi shi har mota tana cewa Baba, Baba, bai waiwayo ba, amma na ga yadda ya riƙe ƙofar motar kafin ya iya shiga.

Washegari na tafi Sakkwato na ce wa Nasiru ya cire ta. Ya ce daga ina? Ya cire daga kwamfutarsa a gabana don ya faranta mini, amma tana cikin wayar kowa daga nan har Nijar. A motar da na dawo ma ita direba ya saka, yana bi yana kaɗa kai, bai san ni ne a bayansa ba. Magana zarar bunu ce, na sha faɗa wa mutane haka, ranar na san ma'anarta.

Sau uku na je Rabah. Na je ni kaɗai, na je da limamin unguwarmu, na je da kawunmu na Maikujera da shi kaɗai ya rage mana babba. Kowane zuwa Yaya zai shimfiɗa tabarma, a kawo fura, ya ce shi ba ya riƙe da kowa, zumunci yana nan. In an zo maganar yarinya sai ya ce ai tana gidan ubanta. Ita ma Balkisu sau biyu tana shiga mota ta tafi ba ta gaya wa kowa ba. Hajo ta rungume ta suna kuka, shi kuwa ya karɓe ta kamar baƙuwa, ya ce ɗiyar Umaru ce ta zo gaishe mu, kafin la'asar ya raka ta tasha. A gidanmu kuwa ta zauna shekara biyu kamar wadda ta zo jiran mota. Ba ta yi wa kowa rashin kunya ba, tana girki, tana ɗinki, ku manyan kuna iya tunawa ita ke yi muku wanka. Amma ba ta taɓa fitar da kayanta duka daga akwati ba. Ga ta a gabana kullum, abin da na yi wa waƙa, kuma ban san me zan ce mata ba in ban da sannu.

Da mijinta ya fito, malamin asibiti ne da ita ta kawo shi da kanta, sai na ga dama ta samu. A wurinmu uba ba ya ba da auren 'yarsa da bakinsa in yana da ɗan'uwa, wa ko ƙane shi ke tsayawa waliyyi. Ko da ba a yi riƙo ba, wannan haƙƙin Yaya ne. Na ce a raina in ya buɗe baki ya ce na ba da auren 'yata a gaban jama'a, to an gyara. Na aika masa da goro, aka ce ya karɓa. Ranar ɗaurin aure bayan sallar Juma'a sai ga shi da farar riga, ya zauna kusa da ni, gwiwarsa tana taɓa tawa. Na yi hamdala a zuci. Liman ya tambayi waliyyin ango, ya amsa. Ya juyo ya tambayi na amarya, kowa ya dubi Yaya. Sai da liman ya sake tambaya, sannan ya ce a hankali:

"Ubanta na nan zaune. Duniya duk ta san shi."

Liman ya dube ni, ba yadda zan yi. Da bakina na ce na ba da auren 'yata Balkisu, a gaban mutanen Wurno da na Rabah, kaina a ƙasa. Tsofaffi suka sunkuyar da kai don kunyar da ta kama su a madadina. Da aka shafa fatiha Yaya ya ba ni hannu, ya ce Allah ya sa albarka, ya tafi kafin a fito da abinci. Daga baya muka ji ashe gado da kwanoni da duk abin da Hajo ta tara mata tun tana ƙarama ya riga ya aika gidan mijin, bai ce a faɗa wa kowa ba.

Shekara huɗu ya ƙara a duniya. Muna gaisawa, muna haɗuwa a suna da jana'iza, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma bai sake kiran ta tasa ba. Na yi albam uku bayan wannan, kun san su, sun kai ni wurare da ban taɓa zaton zan taka ba. Ba na cewa na yi nadamar waƙa, ƙarya ne in na faɗa. Waccan ɗaya ce da na ji maganar innarku na bar ta a rumfa, da Yaya ya mutu yana da 'yarsa.

Ban taɓa yin maganar da Balkisu ba sai bara, da ta zo duba ni lokacin da ƙafa ta kwantar da ni. Tana zaune bakin gado tana ɓare mini lemo, ita ma yanzu da furfurarta ɗaya biyu. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na tambaye ta ko ta yafe mini. Ta gama ɓarewa, ta miƙo mini, ta goge hannunta.

"Baffa, ban riƙe ka da komi ba. Waƙar ma ina jin ta, tana da daɗi. Sai dai kai jinjira kar rasa, kuma Allah ya ba ka shidda bayanta. Ni ko uba guda gare ni, kuma har yat tahi bai sake ce min ɗiyatai ba."